Minti Guda a Sararin Sidra: Tarihin Rundunar Black Aces ta Sojojin Ruwan Amurka

Ranar Laraba, 19 ga Agusta, 1981, gari bai daɗe da wayewa ba, wasu jiragen yaƙi biyu na Amurka samfurin F-14 Tomcat suna kewaya sararin Bahar Rum, kimanin kilomita 100 daga gaɓar Libiya. Daga kan jirgin ruwan nan mai suna Nimitz suka taso, kuma gadi aka sa su: su tsare kudancin wurin da jiragen ruwan Amurka ke atisayen harba makamai masu linzami. Can sai jirgin sintiri E-2C Hawkeye, mai goye da faifan rada a gadon baya, ya hango jirage biyu sun tashi daga wani sansani kusa da Sirte, sun miƙo arewa.

Shugaban rundunar, Kwamanda Henry Kleemann, shi ke tuƙa jirgin gaba, Laftanar David Venlet na zaune a bayansa yana duba rada. A na biyun kuma akwai Lawrence Muczynski da James Anderson. Suka juya suka tari baƙin. Da aka zo gab da juna sai suka ga Sukhoi Su-22 ne guda biyu, ƙirar Tarayyar Sobiyet. Ba a yi aune ba ɗaya ya saki makami mai linzami, ya wuce bai sami kowa ba. To, umarnin da aka ba matuƙan Amurka shi ne kada su fara, amma in an harbe su su rama, ba sai sun nemi izini ba. Kleemann ya bi ɗaya, ya dakata har sai da ya fita daga saitin rana, don kada zafinta ya ruɗi makaminsa mai bin zafin inji, sannan ya saki Sidewinder. Muczynski ya yi wa ɗayan haka. Tsakanin harbin farko da faɗuwar jirgi na biyu, kamar minti guda ne.

Wannan mintin shi ya fito da sunan rundunar VF-41, wadda ake wa laƙabi da Black Aces. Amma rundunar ta haura shekara saba'in da kafuwa, kuma wanda ya bi sawunta zai ga wani abin mamaki. An horar da ita ne don ta kara da jiragen Sobiyet a tsakiyar teku, aka saya mata jirage masu tsadar gaske saboda ranar da ba ta taɓa zuwa ba. Abin da ta shafe rayuwarta tana yi daban ne: jira, sintiri, gyaran inji, sai kuma daga baya zuba bamabamai a ƙasashen da ba su da jirgin ruwan da zai iya tunkarar ta.

Gida mai tafiya bisa ruwa

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a san mece ce runduna irin wannan. Jirage ne kamar goma zuwa goma sha biyu, da mutane ɗari biyu da wani abu. Masu hawa sama kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawa makanikai ne, da masu gyaran lantarki, da masu ɗaura bamabamai, da masu naɗe laimar tsira. Runduna ba mallakar jirgin ruwa ba ce. Tana da gidanta a tudu, sai in za a fita teku ta haɗu da wasu rundunoni bakwai ko takwas su zama ayari guda, su yi wa jirgin ruwa baƙunta na wata shida ko fiye. Haruffan sunan ma suna da ma'ana: V na nufin jirgi mai kafaffen fiffike, F mai faɗa da jirage a sama, A kuma mai kai hari ƙasa. Tambarin Black Aces katin karta ne mai baƙin zane da lamba 41, kirarinsu kuma cewa yake su ne farkon shiga faɗa, su ne farkon kai sara.

Jirgi irin Nimitz ya kai mita 333 a tsawo, nauyinsa wajen tan 100,000, injinan nukiliya biyu ke tura shi, kuma mutum kusan 5,000 ke kwana su tashi a cikinsa. Duk da wannan girma, filin da ke samansa ya yi wa jirgin yaƙi kaɗan ƙwarai. Shi ya sa ake harba jirgi da wata majaujawa mai aiki da tururi, wadda cikin daƙiƙa biyu zuwa uku take fizgar sa daga tsaye cak zuwa gudun da ya haura kilomita 250 a awa. Sauka ta fi wuya. Akwai ƙugiya a wutsiyar jirgin, akwai igiyoyin ƙarfe huɗu a gicciye a ƙasa, kuma ta uku ake so matuƙi ya kama. Da ƙafafun jirgi sun taɓa ƙasa sai ya buɗe wuta gaba ɗaya, don in ƙugiya ta kuskure ya sami ƙarfin sake tashi. Kowace sauka akwai gwanayen matuƙa a gefe suna ba ta maki, a liƙa sakamakon a allo kowa ya gani, daga sabon shiga har shugaban runduna. Da dare, ga duhu ga igiyar ruwa na ɗaga jirgi tana saukewa, nan ake sanin wanda ya iya.

A saman jirgin ba a jin magana saboda ƙarar injuna, sai alama da hannu da launin riga. Mai rawaya shi ke nuna wa jirgi hanya, mai kore yana kan majaujawa da igiyoyi, mai shunayya mai ba da mai ne, mai ja kuma na bamabamai. Mai ruwan ƙasa shi ne uwar ɗakin jirgi guda: sau da yawa yaro ne da bai daɗe da gama sakandare ba, amma sai ya duba ya ce lafiya kafin hafsa ya hau. Kafin a fara tashi, jama'a kan jera kafaɗa da kafaɗa su taka filin suna tsintar kusa da guntun waya, domin abu ƙanƙane in inji ya zuƙe shi ya isa ya hallaka jirgi da matuƙinsa.

Daga Oceana zuwa Biyetnam

An kafa VF-41 ranar 1 ga Satumba, 1950, a sansanin Oceana da ke jihar Virginia, wata biyu da ɗoriya bayan ɓarkewar yaƙin Koriya. Ita ce ta huɗu da ta ɗauki wannan lamba. A 1953 ta karɓi F2H Banshee, a 1959 aka sauya mata da F3H Demon, sannan a 1962 ta koma F-4 Phantom, mai inji biyu da kujera biyu. Da Phantom ne aikin ya zama na mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon rada, kuma har yau rundunar ba ta rabu da kujera ta biyu ba.

A shekarar da ta karɓi Phantom ɗin ne aka gano makamai masu linzami na Sobiyet a Kyuba, duniya ta kama hanyar yaƙin nukiliya. Aka tura Black Aces zuwa Key West, can ƙarshen jihar Florida, inda tsakaninsu da Kyuba bai fi kilomita 150 ba. Suka yi ta gadi har Shugaba Kennedy na Amurka da Khrushchev na Sobiyet suka sasanta. Ba su harba ko harsashi ba.

A Biyetnam suka fara ɗanɗana wuta. A 1965 suka tafi bisa jirgin Independence, suka yi watanni suna raka masu kai hari arewacin ƙasar. An ƙera Phantom ne don ya kakkaɓo jirgin abokin gaba daga nesa, amma abin da ya fi cin jiragen Amurka a can bindigogin ƙasa ne. Ranar 17 ga Oktoba, 1965, Independence ya rasa Phantom uku a hari guda, ɗaya na VF-41. Mai duba radarsa, David Wheat, ya dira da laima aka kama shi, bai ga gida ba sai Fabrairun 1973. Bayan nan rundunar ta koma zirga-zirgar Bahar Rum, kuma tana can bisa jirgin Franklin D. Roosevelt lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973.

Tomcat da kwana 144

A 1976 Black Aces suka karɓi jirgin da aka fi sanin su da shi. Kamfanin Grumman ya ƙera F-14 Tomcat saboda fargaba guda: manyan jiragen Sobiyet masu ɗauke da makaman nutsar da jirgin ruwa, waɗanda ake tsoron su zo garke guda. Radarsa na iya bin abu 24 a lokaci guda, ya kuma harba makaman Phoenix shida zuwa wurare shida daban-daban, tun abokin gaba yana nesa da fiye da kilomita 150. Fukafukansa suna motsi, su buɗe in zai sauka, su lanƙwashe baya in zai zura da gudu. Aibinsa na injuna ne. Samfurin farko ya zo da injin TF30, mai saurin shaƙewa in aka matsa masa, kuma ya jawo asarar jirage da dama.

Jarrabawar farko daga Iran ta zo. Ranar 4 ga Nuwamba, 1979, ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran suka tsare ma'aikata. Nimitz yana Italiya aka ce ya nufi Tekun Indiya. Har lokacin jirgi mai injin nukiliya bai taɓa ratsa mashigin Suez ba, don haka a Janairun 1980 ya fita ta Jibralta, ya gangara ta yammacin Afirka, ya kewayo ta ƙasan nahiyar. Sai da ya yi kwana 144 a jere bai tsaya a wata tasha ba.

Daga bisansa ne jirage masu saukar ungulu takwas suka tashi ranar 24 ga Afrilu, 1980, don ƙwato mutanen da aka tsare. Ga wani abin ban dariya mai ɗaci: tun zamanin sarkinta Shah, Iran ta karɓi Tomcat 79 daga Amurka, saboda haka sai da aka zana ratsi a fiffiken jiragen Nimitz don kada a harbi ɗan gida a zaton baƙo ne. Ba a ma kai ga wannan ba. Guguwar ƙura da lalacewar injuna suka rage jiragen, aka soke aikin a cikin hamada, wajen juyawa ɗaya ya yi karo da jirgin dakon kaya, sojoji takwas suka mutu. Mutum 52 suka ci gaba da zama a tsare har kwana 444.

Shekara guda bayan haka masifa ta same su a gida. Daren 26 ga Mayu, 1981, ana atisaye a gaɓar Florida, wani jirgi samfurin EA-6B Prowler ya kauce wajen sauka ya afka cikin jiragen da ke ajiye a saman Nimitz. Mutum 14 suka rasu, Tomcat da dama suka ƙone ko suka lalace. Binciken gawarwaki ya nuna alamar wiwi a jikin wasu ma'aikatan filin, abin da ya taimaka wajen kawo gwajin ƙwaya na dole a sojan Amurka. Ba a yi wata uku ba rundunar ta isa gaɓar Libiya.

Layin Gaddafi

Rigimar Sidra, mashigin tekun da ke gaɓar Libiya, ta girmi safiyar 19 ga Agusta. A 1973 Kanar Mu'ammar Gaddafi ya ja layi a bakin mashigin, daga kusa da Misrata zuwa wajen Bengazi, ya ce duk ruwan da ke kudu da shi na Libiya ne. Layin nan ne daga baya aka riƙa kira layin mutuwa. Amurka ta ce ba ta san zancen ba, iyakar ƙasa a teku 'yan mil ne daga gaɓa, sauran kuwa hanyar kowa ce. Shugaba Jimmy Carter ya yi taka-tsantsan da wurin lokacin rikicin Iran. Ronald Reagan da ya hau a Janairun 1981 bai ga dalilin haka ba. A watan Mayu ya rufe ofishin jakadancin Libiya a Washington, a Agusta ya aika Nimitz da Forrestal su yi atisaye a wurin da gangan.

Mutanen yankinmu ba baƙin labarin Gaddafi ba ne a wannan shekara. Tun Disamban 1980 sojojinsa suna Njamena suna mara wa shugaban Chadi Goukouni Oueddei baya, a Janairun 1981 har aka yi shelar haɗe Libiya da Chadi, maƙwabta suka tayar da jijiyar wuya. Sai a Nuwamba sojojin Libiya suka janye, dakarun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ciki har da na Najeriya, suka maye gurbinsu. Wato lokacin da ake wannan arangama a teku, ƙafar Gaddafi ɗaya tana bakin Tafkin Chadi, kuma Washington na kallon abubuwan biyu a matsayin matsala guda.

Ranar 18 ga Agusta jiragen Libiya da yawa sun tunkaro wurin atisayen, na Amurka suna tare su suna raka su baya, ba wanda ya harba. Washegari ce aka yi ta ta ƙare. A gaskiya karon bai zo daidai ba. Su-22 jirgin kai hari ƙasa ne, makamin da ya harba kuma tsohon yayi ne da ba ya kama jirgi ta gaba, sai ta baya inda zafin inji yake. Rahoton sojojin ruwan Amurka ya ce matuƙan Libiya biyu sun fice da laima. Tripoli kuwa ta ce ita ma ta harbo Tomcat guda, Amurka ta ƙaryata.

Reagan yana barci a Los Angeles lokacin, mashawarcinsa Edwin Meese bai tashe shi ba sai bayan kusan awa shida. Da 'yan jarida suka yi ca, sai shugaban ya mayar da abin raha, ya ce da jiragen Amurka ne suka faɗi da an tashe shi nan take, amma tunda na wasu ne, mene ne na hana shi barci. Wannan ne karo na farko da Tomcat na Amurka ya harbo jirgi, kuma ƙasar da ke fama da takaicin Biyetnam da na Tehran ta karɓi labarin kamar ruwan farkon damina.

Da abokin gaba ya watse

Sauran shekarun 1980 sintiri ne. A 1985, da aka sace jirgin fasinja na TWA aka kai shi Beirut, Nimitz ya yi makonni a gaɓar Labanan yana jiran umarnin da bai zo ba. Daga baya ayarin ya koma sabon jirgi, Theodore Roosevelt, wanda ya bar Norfolk a ƙarshen Disamban 1990 zuwa yaƙin fitar da Iraƙi daga Kuwait. A can ma rakiya da gadi Tomcat ya yi. Yawancin jiragen Iraƙi da aka harbo, F-15 na sojojin sama ne suka harbo su. Duk yaƙin, abin da Tomcat ya samu jirgi mai saukar ungulu ne guda ɗaya, shi ma wata runduna ce daban.

Kafin ƙarshen 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Maharbi ya wayi gari babu namun dajin da aka ƙera wa bakansa. Aka fara rushe rundunonin Tomcat ɗaya bayan ɗaya, har da abokiyar tafiyar Black Aces, VF-84, a 1995. Abin da ya ceci Black Aces giɓi ne da ya buɗe a wani wuri. Sakataren tsaro Dick Cheney ya soke shirin sabon jirgin kai hari A-12 a Janairun 1991 saboda tsada, tsohon A-6 Intruder kuma yana hanyar ritaya. Ana neman jirgi mai dogon zango da zai iya ɗaukar bam mai nauyi, ga Tomcat zaune ba aiki. Matuƙan da a da suke yi wa masu jefa bam kallon 'yan dako, dole ta sa suka koyi dakon.

Ranar 5 ga Satumba, 1995, lokacin da ƙungiyar NATO ke luguden wuta kan Sabiyawan Bosniya bayan kisan Srebrenica da harin kasuwar Sarajevo, Tomcat biyu na VF-41 suka jefa bamabamai masu bin hasken leza kan wata ma'ajiyar makamai. Ba su da na'urar haska wurin da kansu, sai da wani F/A-18 ya haska musu. Wannan ne karon farko da Tomcat na Amurka ya jefa bam a fagen yaƙi. Ba da jimawa ba aka ɗaura masa na'urar LANTIRN mai gani da dare, sai ga shi kujerar baya, wadda aka yi don bin jiragen Sobiyet, ta fi dacewa da neman tanka a gindin bishiya.

A Kosovo aka ga amfanin haka. NATO ta yi kwana 78 tana kai hari kan Yugoslabiya, daga 24 ga Maris zuwa 10 ga Yuni, 1999. Theodore Roosevelt ya shiga a Afrilu, Black Aces na ƙarƙashin Kwamanda Joseph Aucoin, da jirage mafi tsufa a ayarin. Aikin da ya fi wuya shi ne na ɗan jagora: Tomcat ya yi ta kewaya sama, ya gano abin da za a buga, ya kira wasu jirage ya nuna musu. Sojojin Sabiya gwanayen ɓuya ne, suna cusa tankoki cikin daji da ƙauyuka, suna kafa na bogi a fili don a ɓata bam. Ga kuma dokar NATO ta cewa jirage su tsaya sama da ƙafa 15,000 don gudun makaman ƙasa. Daga wannan nisa, tarakta mai jan amalanken 'yan gudun hijira da motar soja suna iya zama abu ɗaya a ido. NATO ba ta rasa matuƙi ko ɗaya a faɗa ba, amma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta fararen hula kusan 500 ne hare-haren ƙawancen suka kashe. Bayan wannan tafiya aka ba VF-41 lambar Wade McClusky, wadda ake ba rundunar da ta fi iya kai hari ƙasa. Marubuci Robert Wilcox ya rubuta littafi kan zamansu a can, mai suna Black Aces High.

Sallama da Tomcat

Tafiyarsu ta ƙarshe da Tomcat ta fara a Afrilun 2001 bisa jirgin Enterprise. Ranar 11 ga Satumba sun gama wa'adinsu a Tekun Fasha, sun kama hanyar Afirka ta Kudu za su wuce gida, sai ga hotunan harin New York a talabijin. Kyaftin James Winnefeld ya juya jirgin ya koma Tekun Larabawa. Da aka fara kai hari Afganistan ranar 7 ga Oktoba, Black Aces na cikin sahun farko. Afganistan ba ta da teku, don haka sai an ratsa sararin Pakistan, a sha mai a sama sau da yawa, mutum ya yi awa shida ko fiye ɗaure a kujera, sannan ya dawo ya nemi igiya ta uku cikin duhu.

Da suka koma gida a Nuwamba suka miƙa Tomcat, suka tashi daga Oceana zuwa Lemoore a California, suka karɓi F/A-18F Super Hornet. Aka ƙara harafin A a sunan, ta zama VFA-41. Sunan ya bi aikin da ta riga ta daɗe tana yi. Sabon jirgin bai kai tsohon gudu ba, amma ya fi shi sauƙin gyara nesa ba kusa ba, kuma makanikai sun fi kowa sanin darajar haka. A 2003 suka koma tsohon masaukinsu Nimitz zuwa yaƙin Iraƙi. Tomcat kuwa an yi masa ritaya a Satumban 2006, aka daddatse da yawa daga cikinsu don kada kayan gyaransu su faɗa hannun Iran.

Abin da Fravor ya gani

Akwai wani babi da babu wanda ya shirya masa. Ranar 14 ga Nuwamba, 2004, ana atisaye a tekun da ke kudu maso yammacin San Diego, jirgin ruwan Princeton ya ce radarsa ta yi kwanaki tana ganin wasu abubuwa da ba a gane ba. Aka tura shugaban Black Aces na lokacin, Kwamanda David Fravor, tare da wata matuƙiya, Alex Dietrich, su duba. Fravor ya ce sun ga wani farin abu mai siffar ƙwayar magani, tsawonsa kamar mita 12, ba fiffike ba hayaƙi, yana kai-komo a saman ruwa. Da ya gangara ya tunkare shi, sai abin ya yi sama ya ɓace. Wani jirgin rundunar da ya tashi daga baya ya ɗauko hoton bidiyo.

Labarin ya kwanta har Disamban 2017 da jaridar New York Times ta buga shi. A Afrilun 2020 ma'aikatar tsaron Amurka ta saki bidiyon da kanta, ta ce ba a tantance abin da ke ciki ba. A Yulin 2023 Fravor ya ba da shaida a gaban majalisar dokoki. Wasu masu bincike na ganin jirgi ne mai nisa da yanayin kyamara ya sauya wa kama, wasu na zargin gwajin makamin sirri. Yau matasa da yawa ta wannan bidiyo suka san rundunar, ba su taɓa jin sunan Sidra ba.

Abin da ya rage

Daga baya VFA-41 ta yi tafiye-tafiye bisa John C. Stennis da Abraham Lincoln, tana kai-komo tsakanin Tekun Fasifik da Gabas ta Tsakiya. Mutanen da suka yi mata suna kowa ya kama gabansa. Venlet ya kai muƙamin mataimakin admiral, ya shugabanci shirin ƙera F-35. Aucoin ya riƙe Rundunar Jiragen Ruwa ta Bakwai a Japan, aka sauke shi a Agustan 2017 bayan jiragen ruwa biyu na ƙarƙashinsa sun yi karo da jiragen 'yan kasuwa, sojoji 17 suka mutu. Gaddafi, mai layin, an kashe shi ranar 20 ga Oktoba, 2011, a Sirte, garin da jiragen nan biyu suka taso daga gefensa shekara talatin kafin nan.

Runduna irin wannan kamar gidan maƙera take. Masu gida suna shuɗewa, ana sauya uwar maƙera da zugazugi, amma suna da sirrin sana'a suna nan ana gadonsu. Sai dai maƙeri ba shi ke zaɓen inda za a kai takobi ba. Black Aces ba su ja layi a Sidra ba, ba su yanke shawarar shiga Biyetnam ko Iraƙi ba. Ana zaune a Washington a nuna wuri a taswira, su kuma su ɗaura ɗamara. Abin da ake rubutawa a allon tarihinsu shi ne yawan tashi da nauyin bamabamai. Lissafin waɗanda suke ƙasa lokacin da bam ɗin ya sauka, a wasu littattafan yake, cikin wasu harsuna.

Shi kuwa Henry Kleemann, wanda makamin Libiya ya kuskure, bai yi nisan kwana ba. A Disamban 1985, shekara huɗu bayan Sidra, yana saukar da F/A-18 a sansanin Miramar da ke California, a kan tudu, ba yaƙi ba abokin gaba, jirgin ya zame a jiƙaƙƙen titi ya kife da shi. Abin da masu ba da maki a gefen igiyoyi suka daɗe suna faɗa wa sababbin matuƙa ke nan: tashi da faɗa duk masu sauƙi ne, a wajen sauka ake biyan bashi.